Matsaloli Huɗu a Jirage Biyu: Nazari kan Dakatar da Jiragen Boeing 737 na Max Air a 2023

Ranar 12 ga Yuli, 2023, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, ta aike wa kamfanin Max Air takardar dakatar da dukkan jiragensa ƙirar Boeing 737. Ba a ƙwace lasisin kamfanin ba, ba a kuma taɓa manyan jiragensa ƙirar 747 ba, waɗanda a lokacin suke tsakiyar kwaso alhazai daga Saudiyya. Amma da yake 737 ɗin ne ke ɗauke da zirga-zirgar cikin gida, masu tikitin Abuja da Legas daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai suka wayi gari babu abin hawa.

Hukumar ta kafa hujja da abubuwa huɗu. Ranar 7 ga Mayu, jirgi mai lamba 5N-MBD ya rasa tayarsa ta ɗaya tsakanin tashinsa daga Yola da saukarsa a Abuja. Ranar 7 ga Yuli, aka sami gurɓataccen mai a tankunan jirgi mai lamba 5N-MHM a Yola, har ƙaramin injinsa na wutsiya ya mutu yana ƙasa. Ranar 11 ga Yuli, 5N-MBD ya fasa tashi a Kano bayan ya fara gudu a kan titi, saboda ma'aunin zafin injin ya haura. A wannan rana dai, 5N-MHM ya juyo Abuja bayan ya tashi, saboda fitilar da ke nuna zafin bututun iska ta kama. Babu wanda ya rasa ransa a ko ɗaya.

Taya da mai da inji da na'urar sanyaya iska ba su da wata alaƙa ta ƙarfe da ƙarfe. Abin da ya haɗa su shi ne kowace irin wannan matsala tana yin sallama kafin ta shigo, kuma sallamar a rubuce take zuwa, a ma'auni ko a littafin gyara. Aikin kamfani shi ne ya sami mai karantawa, ya kuma ba shi ikon cewa jirgi ba zai tashi ba.

Jiragen da irin aikin da aka ɗora musu

Max Air, na Alhaji Dahiru Barau Mangal, ya fara aiki a 2008, kuma shekarunsa na farko a jigilar Hajji da Umara ya yi su da manyan jirage. A 2018 ya shiga zirga-zirgar cikin gida da Boeing 737-300, ya riƙe Kano da Abuja da Legas, ya miƙa zuwa garuruwa irin su Katsina da Yola da Maiduguri da Sakkwato da Bauci. Waɗannan sana'o'i biyu ne daban. Jirgin Hajji yana tashi sau ɗaya ya yi awanni a sama, ya kuma sami watanni na hutu bayan aikin. Jirgin Kano zuwa Abuja ba ya cika awa guda a sama, na Legas kuma bai kai awa ɗaya da rabi ba, don haka jirgi ɗaya yana iya tashi da sauka sau shida a yini.

A lissafin injiniyoyi, tashi ɗaya da sauka ɗaya shi ne zagaye ɗaya, kuma zagaye ne ke cin taya da birki da ƙafafu da sassan injin da ke shan wuta, ba yawan awanni ba. Jiragen 737-300 da 737-400, wato ire-iren da abin ya shafa, 'yan gida ɗaya ne, duka da injin CFM56-3, kuma Boeing ya daina ƙera su a shekarar 2000. Ke nan a 2023 ko autansu ya haura shekara 20. Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne. Akwai irinsu da ke aiki lafiya a ƙasashe da yawa. Illa dai tsohon jirgi ba ya yafe sakaci kamar sabo, kayan gyaransa kuma galibi daga jiragen da aka kwance ko daga shagunan garambawul na ƙetare suke zuwa, da dala.

Tayar da ta fita

Jirgin 737 yana da taya shida: biyu a ƙafar gaba, biyu-biyu a manyan ƙafafun baya. Na bayan ana ƙirga su daga hagu zuwa dama, don haka ta ɗaya ita ce ta waje a ɓangaren hagu. Idan ta fita, duk nauyin wannan ɓangare ya koma kan ta biyu ita kaɗai, a jirgin da cikakken nauyinsa kan haura tan 60. Jirgin na ranar 7 ga Mayu ya sauka Abuja da fasinjoji sama da 140, aka fitar da kowa lafiya.

Hanyoyin da taya ke bi ta bar aksul sanannu ne. Boris biyu ke riƙe da ita, na ciki da na waje, sai babban noti da ke danne su. Ɗaure wannan noti mataki biyu ne. Da farko ana ɗaure shi da ƙarfi sosai ana juya tayar da hannu, domin boris su zauna daram. Sai a sassauta, a sake ɗaurewa da ƙarfi na biyu wanda bai kai na farko ba, ana ci gaba da juyawa. Sannan a sa ƙananan kusoshin da ke kulle shi. Dole kowane mataki ya zama da sifanar awo wadda aka tantance daidaitonta, lambobin kuma daga littafin gyara na jirgin ake ɗauko su, ba daga ka ba. In an ɗaure ba a juya ba, boris bai zauna ba, zai yi wasa. In an zarce, zai ɗau zafi. In aka manta washar da ke tsakani, ko giris ya yi ƙaranci, ko aka gauraya giris iri biyu, ko rairayi ya shiga yayin da aka ajiye boris a ƙasa a filin da iska ke kaɗawa, ƙarshen duk ɗaya ne: ƙwayoyin boris su yi zafi su sauya launi, kejinsu ya watse, tayar ta zame ta wuce ta kan notin.

Iskar taya ma tana da nata hukunci. Da iskar naitirojin ake cika su, zuwa kusan 200 a ma'aunin matsi na psi, kuma ana auna su kullum suna sanyi, kimanin awa uku bayan sauka. Ƙa'idar masu ƙera taya ita ce, wadda iskarta ta faɗi ƙasa da kashi 90 cikin 100 na abin da aka tsara a cire ta. Wadda ta faɗi ƙasa da kashi 80 a cire ta tare da abokiyar zamanta, domin abokiyar ta riga ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. Ido ba ya gane wannan, domin mai lafiyar tana tallafe da mai rauni, duka biyun su yi kama da cikakku. Sai an sa ma'auni.

Akwai wani abu a rahoton farko na Hukumar Binciken Haɗurra ta Najeriya, NSIB, da ya kamata ya dami duk mai harkar: an tarar sabon sauti ya hau kan abin da na'urar naɗar maganar matuƙa ta ɗauka na wannan tafiya. Na'urar tana naɗa ne tana shafe na baya, minti 30 ko awa biyu gwargwadon irinta. Bayan kowane babban lamari, da zarar an kashe inji, sai a zare mata wuta. Aikin daƙiƙa biyar ne, rashin yin sa kuma yana ɓatar da shaidar da babu inda za a sake samo ta.

Ruwa a cikin mai

Wannan shi ne mafi haɗari a cikin huɗun, domin shi kaɗai ke iya kashe injina biyu a lokaci guda. Duk tsarin jirgi mai inji biyu an gina shi a kan cewa in ɗaya ya mutu ɗaya zai kai shi ƙasa. Gurɓataccen mai ba ya bin wannan lissafi, tunda daga tanka ɗaya aka shayar da duka ɓangarorin.

Man jirgi, Jet A-1, kananzir ne da aka tace sosai. Lita ɗaya tana da nauyin gram 775 zuwa 840, ta ruwa kuwa gram 1,000, saboda haka ruwa ƙasa yake kwanciya, mai ya hau samansa kamar yadda yake tasowa a kan miya. A ƙasan nan kuma bakin famfunan mai yake. A 737, ƙaramin injin wutsiya da ake kira APU, wanda ke ba da lantarki da iska idan jirgi yana ƙasa, daga ɓangaren tankin hagu yake sha. Shi ya sa a Yola shi ya fara shaƙar ruwan ya mutu, mutuwarsa kuma ta tona asirin abin da ke cikin fiffike tun jirgi bai motsa ba. Bidiyon da ya yaɗu a lokacin ya nuna ana tatsar ruwa daga ƙarƙashin jirgin.

Ɗan ruwa kaɗan ba ya rabuwa da tankin jirgi. Mai yana riƙe da danshi a narke, yana sakin sa idan ya yi sanyi a sama, iskar damina da ke shiga ta hancin tanki ma tana barin raɓa. Wannan shi ake tatsewa ta ƙananan bawul da ke ƙasan kowane tanki, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne da asuba, bayan jirgi ya kwana bai motsa ba, kafin a zuba sabon mai ya dama shi. Amma ruwa mai yawa ba raɓa ke kawo shi ba. Da mai yake shigowa, shi ya sa NCAA ta faɗaɗa bincikenta zuwa kamfanonin da suka shayar da jirgin.

Man da ake sha a Kano da sauran filayen Arewa a tankokin mota yake tahowa daga Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000, kuma watan Yuli tsakiyar damina ne. Murfin saman tanka da robarsa ta mutu ya isa ya shigar da ruwan sama. Tankar da ta taɓa ɗaukar dizal ko wani mai ba a wanke ta ba tana barin sinadarin da ke kashe filtar da ke raba ruwa da mai, filtar tana nan a ido lafiya lau amma ruwa na wucewa ta cikinta. Saboda haka aka jera shingaye. Idan tanka ta iso defo, ana auna nauyin man a gwada da takardar da ta rako shi. Bambancin da ya wuce kilo 3 a kowace lita 1,000 dalili ne na ƙin karɓa. Bayan an juye, ana barin man ya kwanta, awa uku ga kowace mita ta zurfi, sannan a tatsi ƙasan. Ana duba bambancin matsi tsakanin mashiga da mafitar filta: in ya kai 15 a ma'aunin psi ta toshe, in kuma ya faɗi farat ɗaya ta yage.

Shinge na ƙarshe a gindin jirgi yake. Kafin a jona tiyo, ana tsiyayo kamar lita ɗaya daga motar mai a cikin kwalbar gilashi mai tsabta, a juya ta man ya yi guguwa, a ɗaga a kalla a haske. Mai kyau garau yake yana sheƙi. Mai ruwa yana yin hazo-hazo, ko a ga ɗigo na birgima a ƙasan kwalba. Sai a ɗauki sirinji a zuƙo mililita 5 ta cikin wani ɗan ƙwanso mai takarda rawaya. In takardar ta koma kore, ruwan ya kai kusan kashi 30 cikin miliyan, ba a shan wannan mai. Akwai tarko ɗaya da ke kama sabon ma'aikaci: kwalbar da ruwa zalla ya cika ta ita ma garau take, babu layin da ya raba biyu, don haka ba a dogara da ido kaɗai. Duk gwajin bai fi minti biyar ba. Shi ne kuma abin da ake fara tsallakewa idan an makara, fasinjoji na hawa, ana ruwa, ofis na bugo waya.

Mai sayar da mai yana da nasa alhaki, amma wannan bai sauke na kamfanin jirgi ba. Shi ya zaɓi wanda zai saya a wurinsa, shi ya kamata ya riƙa zuwa yana duba defo da motocinsa, wakilinsa ne kuma ke tsaye lokacin da ake zubawa. Jirgin da kansa ma yana ba da alama: sandunan da ke auna yawan mai a cikin tanki da lantarki suke aiki, ruwa kuma yana ruɗa su ƙwarai, don haka allurar ma'aunin mai da ke tsalle ba dalili, ba abin sharewa ba ce. In ruwa ya daɗe a tanki, ƙwayoyin halitta na tsirowa a inda ya haɗu da mai, su yi yauƙi mai toshe filta, su ci alminiyon fiffike. Jirgin da aka samu da ruwa mai yawa sai an zuƙe man duka, an buɗe tankuna, an sauya filtocin injina da na APU, an wanke bututu, an gwada injina a ƙasa.

Tashin da aka fasa a Kano

Zafin hayaƙin da ke fita daga inji, wanda ake kira EGT, shi ne ma'aunin lafiyarsa mafi gaskiya. Ga CFM56-3, jan layi lokacin tashi digiri 930 ne a ma'aunin Salsiyos. Injin da ya fito daga garambawul yana ba da cikakken ƙarfinsa da sauran rata mai kyau kafin jan layin. Kowane zagaye yana ɗan rage ratar: bakin farfelun da ke matse iska yana cinyewa, tazarar da ke tsakaninsu da bango tana buɗewa, iska tana zillewa, injin sai ya ƙara shan mai kafin ya ba da ƙarfin da ya saba, ƙarin mai kuma ƙarin zafi ne.

A nan ne Kano take da nata hali. An ƙera injin ya riƙe cikakken ƙarfinsa har zafin gari ya kai digiri 30 a bakin teku, kuma a wannan gaɓa ne zafinsa ke kaiwa ƙololuwa. Filin jirgin Kano yana kimanin mita 476 sama da teku, wanda ke sauko da gaɓar zuwa wajen digiri 27. Rana nawa ce a shekara zafin azahar a Kano bai kai 27 ba? A bazara 40 ake magana. Injin da zai ɓoye rauninsa a sanyin Turai, a nan kusan kullum sai an tambaye shi duk ratar da ta rage masa. Ga kuma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke goge farfelun gaba, tana manne musu, tana kuma toshe ƙananan hudojin da ke sanyaya farfelun da ke bayan wuta.

Wannan raguwa ba ta zuwa a ɓoye. A kowace tafiya, idan jirgi ya daidaita a sama, ana rubuta gudun sassan injin biyu, da zafin hayaƙi, da yawan man da yake sha, da girgiza, tare da tsawo da zafin waje, a zuba su a manhajar da ke zana layi. Layin da ke hawa a hankali tsufa ne, ana iya hasashen watan da zai kai iyaka. Wanda ya yi tsalle dare ɗaya yana nufin wani abu ya lalace: bawul ɗin iska ya maƙale a buɗe, ko saitin farfelu masu juyawa ya goce, ko wani yanki ya ƙone. In zafi kaɗai ya motsa, shan mai da gudu ba su motsa ba, a fara zargin ma'aunin da wayoyinsa kafin injin. Magungunan ma sanannu ne: wanke cikin inji da ruwa mai tsabta yana dawo da 'yan digirori, tashi da ragaggen ƙarfi idan nauyi ya ba da dama, wanda ƙa'ida ta yarda har zuwa kashi 25 cikin 100, kuma titin Kano mai tsawon mita 3,300 yana ba da wannan dama sau da yawa, sai leƙa ciki da ƙaramar kyamara mai dogon wuya, in duk sun gaza, a sauke injin. Garambawul ɗinsa miliyoyin dala ne, shi ya sa masu irin wannan jirgi suka fi sayen wani injin na hannu mai sauran kwana.

Matuƙan da suka tsayar da jirgin sun cancanci yabo. Akwai gudun da ake lissafawa kafin kowane tashi, V1, wanda in an wuce shi babu sauran tsayawa, sauran titin ba zai isa ba. Yanke shawara kafin nan aikin daƙiƙoƙi ne. Mutanen Kano sun san abin da ake gudu. Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya zarce ƙarshen titi, ya ɗaga da ƙyar, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu. Unguwanni sun kewaye wannan fili.

Fasa tashi kuma yana barin nasa aiki. Birki yana shan zafi mai tsanani, zafin yana ci gaba da ratsa ƙarfen taya bayan an tsaya, har ƙananan toshe da aka sa su narke su saki iska don kada tayar ta fashe. Dole a jira lokacin hucewa da littafi ya tsara, a duba birki da taya da boris, ba injin kaɗai ba.

Fitilar bututun iska

Ta huɗun ita ce mafi sauƙi. Iskar da fasinja ke shaƙa daga inji ake tatso ta da zafi, na'urori biyu da ke ƙarƙashin cikin jirgi su sanyaya ta. A 737-300, in iskar da ke bututun shiga ɗaki ta kai digiri 88, fitila na kamawa, bawul ɗin gauraya ya koma sanyi gaba ɗaya. In ta kai 121, na'urar ta kashe kanta. Yawanci bawul ne ya maƙale, ko ma'auni ya lalace, ko lagireton na'urar ya toshe da ƙura, wanda a Arewa ya kamata a riƙa wanke shi fiye da yadda littafi ya tsara wa ƙasashe marasa hazo. Nauyinta a wannan lamari daga lokacinta ya zo: jirgi ɗaya, kwana huɗu bayan batun mai.

Inda matsin yake fitowa

Kowane kamfani mai lasisi yana da tsarin bin diddigin ingancin jiragensa. Ana ƙirga jinkirin da ya wuce minti 15 saboda matsalar na'ura, da tafiyar da aka soke, da kayan da aka cire kafin wa'adinsu, da matsalar da ta sake dawowa bayan an sa hannu an gyara. Akwai kuma kundin MEL, mai bayyana abin da jirgi zai iya tashi da shi a lalace na ɗan lokaci: rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120. Halal ne amfani da shi. Amma jirgin da ke yawo da irin waɗannan shida ko bakwai, ana ta sabunta wa'adinsu, yana faɗin halin da ɗakin ajiyar kayan gyara yake ciki.

A ɗauki misalin kamfani mai jirage biyar. Ɗaya ya tafi babban bincike na matakin C, wanda a lokacin a Najeriya ake yi duk wata 18, yana cin makonni. Ko da yake kamfanin jirage na Aero Contractors ya fara yin sa wa irin waɗannan jirage a Legas tun 2018, da yawa har yanzu waje ake kai su. Wani yana jiran inji. Saura uku ke ɗauke da jadawalin biyar. Daren da ya kamata jirgi ya kwana a hannun makanikai ya gajarce, kuma injiniyan da zai ce wannan ba zai tashi ba ya san babu wani a ajiye da zai maye gurbinsa, fasinja sama da ɗari na zaune a ɗakin jira. A tashoshin nesa irin Yola da Maiduguri abin ya fi tsanani, in ba a ajiye taya da jak da sifanar awo da mai lasisin sa hannu a can ba. A tsakiyar Yunin 2023 kuma aka saki Naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750 a kasuwar hukuma, kuɗin kowane boris da filta ya bi ta, alhali tikiti da Naira ake sayar da shi. Ga kamfanin da ke aikin Hajji, Yuni da Yulin wannan shekara su ne lokacin da ake buƙatar ƙwararrun injiniyoyinsa a wuri biyu.

A irin wannan hali, rage hanyoyi shi ne matakin mai hankali, ko da fasinja zai ji haushi. Gara a sanar tun da wuri cewa garin kaza ya koma sau uku a mako, ko an haɗe shi da Abuja, da a sayar da tikitin da jiragen da ke ƙasa ba za su iya cikawa ba. Jadawalin da ya fi ƙarfin jirage a jikin gyara yake fanshewa.

Bayan dakatarwar

NCAA ta yi wa kamfanin binciken ƙwaƙwaf, bayan 'yan makonni jiragen suka dawo aiki. Ba shi ne na farko a Kano ba: a Maris 2021 hukumar ta dakatar da 737 na Azman Air bayan jerin matsalolin da suka haɗa da na taya. Ranar 21 ga Yuli, 2024, wani 737 na Max Air ya fasa tayoyi yana gudun tashi a Yola da fasinjoji 119. Daren 28 ga Janairu, 2025, 5N-MBD ya taso daga Legas da fasinjoji 53 da ma'aikata 6, ya sami matsalar ƙafar gaba yayin sauka a Kano, kowa ya fita lafiya. Daga ƙarshen wannan wata kamfanin ya tsayar da zirga-zirgar cikin gida domin a sake bincike, ya dawo a watan Maris.

Ganin lamba ɗaya sau uku ba ya nufin ciwo ɗaya ne: a 2023 ƙafar baya ce da inji, a 2025 ƙafar gaba, kowacce da tarihin garambawul ɗinta daban. Taya kuma ba kamfani kaɗai ke kashe ta ba. Tsakuwa ko guntun ƙarfe a kan titi yana yanka ta, sharar titi da gyaransa kuwa aikin hukumar filayen jirage ne, FAAN. Mai binciken da ke son ya raba waɗannan zai buɗe takardar awon iskar taya ta kowace safiya ya ga ko lambobin na sauyawa kamar na gaske ko kwafe su ake yi, ya nemi takardar tantance kowace sifanar awo, ya bi kowace taya da aka cire zuwa shagon da ya haɗa ta, sannan ya gwada ranakun da aka yanke taya da littafin duba titi na filin da abin ya faru.